Bitar Kwana Uku Ba Ta Yin Ɗan Kasuwa: Jawabi Ga Masu Sana'a Na Tambuwal Da Kebbe

Wannan jawabi ne da wani malami da ya daɗe yana hulɗa da 'yan kasuwa ya gabatar a wani zama da aka yi da masu ƙananan sana'o'i na yankin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Wakilinmu ne ya rubuto mana shi daga faifan da aka ɗauka, mun ɗan taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne horar da masu ƙananan sana'o'i a karkara, da yadda za a riƙa hannunsu har su iya tafiyar da sana'ar da kyau, su kuma iya gogayya da na birni. To, na san da an ce "horarwa" abin da ke zuwa zuciyar mafi yawanmu shi ne a tara mutane a sakatariyar ƙaramar hukuma, a raba biro da littafi, a ci shinkafa da rana, a ba da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse. Na kuma san in na bi ku ɗaya bayan ɗaya na ce mene ne matsalar sana'arka, tara cikin goma za su ce min, Malam, jari. To, bari mu fara da jarin.

Dattawan da ke nan za su tuna. A 1987 aka kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida. A 1989 aka buɗe Bankin Jama'a, wanda aka ce zai ba talaka rance ba tare da jingina ba, daga 1990 kuma aka shiga buɗe bankunan al'umma gari-gari. A 1997 aka zo da FEAP. A 2001 aka zo da NAPEP, mai keken nan da har yau ake kira da sunanta. A 2003 aka yi dokar kafa SMEDAN, hukumar da aikinta ke nan, kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i. A watan Nuwamba na 2015, nan kusa da mu a Birnin Kebbi, aka ƙaddamar da rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, wanda daga baya bankin ya janye hannunsa daga irinsa bayan 2023. A 2018 aka bi kasuwanni ana raba Naira dubu goma-goma da sunan TraderMoni. Ban ce kowa ya samu ba, mun san yadda rabon yake tafiya, mun san su wa ake rubutawa. Amma kuɗi sun shigo karkara, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kekunan ɗinki nawa aka raba a ƙasar nan? Injinan markaɗe nawa? Ku da kanku kun san da yawansu ba su kwana uku a gida ba aka kai su kasuwa aka karyar. Wanda ma bai sayar ba, bayan shekara ka je ka tarar injin yana zaure an kifa masa kwarya, wai bel ya tsinke babu kuɗin sayen wani.

Saboda haka maganar jari gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce. Tulun da ke yoyo, ko daga gulbi kake ɗebo masa ruwa ba zai cika ba.

Kuma ba wai ƙasar tamu ba ta da abin sana'a ba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Jega, ta gangara Yawuri da Kwantagora har Kudu, a ƙofar gidanmu take wucewa. Ga Jega nan, wadda tun ƙarni na 19 babbar kasuwa ce da fataken goro masu zuwa Gwanja suke yada zango. Ga Aliero da albasarta. Ga fadamun Kebbe da Kuchi da shinkafarsu, ga masunta a tafkin Romo, ga Dogon Daji, ga Sanyinna, ga Jabo, kowane gari da abin da aka san shi da shi. Garin Tambuwal kansa zaman Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne. Kuma magabatan nan ba su ɗauki sana'a abin wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi sukutum kan neman halali, Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib, kuma a cikin nasihar da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina ya ja hankalinsa ga kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina, a tabbatar kowane gari yana da masu sana'arsa. Wato a wurinsu raya mai sana'a yana cikin aikin shugaba. Wannan a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Ina yoyon yake?

Yoyo na farko, aljihu ɗaya. Kuɗin ciniki, da kuɗin cefane, da gudummawar biki, da kuɗin maganin yaro, duk aljihun riga guda suke shiga, daga nan suke fita. Mutum yana ganin kuɗi a hannunsa kullum, sai ya ɗauka yana cin riba, alhali uwar kuɗin yake ci a hankali.

Bari in ba da misali da mai injin niƙa, lissafin nawa ne na misali kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce a yini ya tara Naira 12,000. Ya sayi man gas na 5,000, ya ba yaron da ke taya shi 1,000. Saura 6,000. Sai ya ce alhamdu lillahi yau na samu dubu shida, ya kai gida a ci. To, tsaya mana. Injin nan a ce 600,000 ka saye shi, kuma a ce zai yi maka aikin kwana dubu kafin ya zama sai an canza. Ke nan kowace rana injin yana cinye 600 daga jikinsa, ko ka gani ko ba ka gani ba. Ga juyen mai, ga bel, ga wasa farantan niƙa, ga kuɗin makaniki, a ce a wata suna cin 21,000, wato 700 a rana. Sannan kai da ka wuni cikin ƙura da ƙara tun safe har magariba, in da wani ka ɗauka ya yi maka wannan aiki nawa za ka ba shi? A ce 2,000. Wannan ladan aikinka ne, shi ne halalinka na cefane. In ka cire 600 da 700 da 2,000 daga 6,000, abin da ya rage 2,700 ne. Wannan ce ribar. Wanda yake kwashe dubu shida kullum yana kai wa gida, to yana haɗawa da 1,300 na injin yana ci, wato yana cin injinsa da tuwo, ƙusa bayan ƙusa. Ranar da injin ya tsaya sai ka ji an ce hassada ce, ko an yi masa baki. Ba na musun akwai hassada a duniya, amma wannan kam lissafi ne.

An taɓa gwada wannan a wata ƙasa can yankin tsibiran Karibiyan da ake kira Jamhuriyar Dominika. Aka raba masu ƙananan sana'o'i, wasu aka koya musu lissafin akanta irin na makaranta, wasu kuma aka ba su ƙa'idoji masu sauƙi: ajiye kuɗin sana'a a wuri dabam, na gida a wuri dabam, ka yanka wa kanka albashi, in ka ranci kuɗin sana'a ka mayar. Sai aka ga masu ƙa'idar nan mai sauƙi su suka fi gyara harkarsu, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Gwangwani biyu ya isa a fara. In ana iyawa a yi uku, na ukun na injin ne, ko na keken, ko na babur ɗin, ba a taɓa shi ko da suna za a yi.

Akwai kuma wani yoyon da shekarun nan suka kawo. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 34 cikin 100 a lissafin hukuma. Mai tireda ya saro katan a 10,000, ya sayar da shi kaf a 11,000, yana murna ya ci dubu. Ya koma sari ya tarar katan ya zama 11,500. To ina ribar? Ko katan ɗin da ya fara da shi ba zai iya mayarwa ba. A irin wannan lokaci ba a yi wa kaya kuɗi da farashin da aka saro su jiya, da farashin da za a mayar da su gobe ake yi. Shi ya sa za ka ga shago yana ramewa, kanta tana yin fili, mai shi kuwa yana rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba.

Sai bashi. Jama'a, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da sanya masa lokaci, da kafa shaidu. Mun haddace ta, muna karanta ta a tarawihi, amma je ka shagon ɗan uwa ka ce ya nuna maka littafin bashinsa. Zai nuna maka kansa, ya ce duk yana nan. A karkara kowa ɗan uwan kowa ne, wannan suruki, wancan abokin wasa, wancan liman, ba ka iya hana shi, ba ka iya tambayarsa. Kuma ba na ce a daina ba da bashi ba, wanda ya ce zai yi ciniki a ƙauye ba bashi, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo, to bai san ƙauye ba. Abin da nake cewa a rubuta, a sa rana, a kuma yanka iyaka: bashin da ke waje kada ya wuce kaza daga jarina. Wanda bai yi boko ba ai ya yi allo, ajami ya wadatar. Wanda bai iya ko ɗaya ba yana da yaro a gida da ya iya. Kuma ku lura, wanda bai san yawan hajarsa da bashin da yake bi ba, ta yaya zai fitar da zakkar dukiyar kasuwancinsa daidai in shekara ta kewayo? Ashe littafin nan ba na duniya kaɗai ba ne.

Bita ko raino?

To, yanzu mu zo kan ainihin abin da ya tara mu. Waɗannan abubuwa da na faɗa, ta wace hanya suke shiga jikin mutum? Don faɗarsu ba wuya, ga shi na faɗe su cikin minti ashirin, kun kuma gyaɗa kai. Jibi in na zo shagonku zan tarar da aljihu ɗaya.

Masu bincike sun daɗe suna wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya kamata ya kai kunnen duk mai shirya bita. A wata unguwar talakawa da ake kira Dandora a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, an ɗauki mata 372 masu sababbin ƙananan sana'o'i aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka sa su a aji ana koya musu kasuwanci. Kashi na biyu aka haɗa kowace da wata mace da ta daɗe a irin wannan sana'a a unguwar, kuma tana cin riba, su riƙa haɗuwa mako-mako. Kashi na uku aka bar su haka nan don a gwada. Da aka bi sawu, 'yan aji sun ɗan canza wasu ɗabi'u na ɗan lokaci, amma ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka haɗa da uwar ɗaki kuwa ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Mene ne sirrin? Uwar ɗakin ba falsafa take koya mata ba. Ce mata take yi, kada ki ƙara sari a wurin wane, je ki wuri kaza ya fi araha. Wannan ilimi babu shi a littafi, yana cikin kan wanda ya sha rana a kasuwar. Amma ku ji ƙarshen labarin, don kada a ce na ɓoye: da aka daina haɗuwa, sai ribar ta riƙa komawa inda ta fito. Waɗanda suka ci gaba da zumunci da uwar ɗakinsu su ne abin ya ɗore musu.

A birnin Lome na ƙasar Togo kuma an yi wani gwajin da masu sana'a 1,500, aka fitar da sakamakonsa a 2017. Wasu aka ba su darasin kasuwanci da aka saba, wasu kuma aka horar da su kan zaburar da kai: kada ka zauna jiran mai saye, tashi ka nemo shi, duba abin da maƙwabcinka ba ya yi ka yi shi, hango matsala tun ba ta iso ba, in ka faɗi ka tambayi kanka me ya kayar da ni. Dukkansu kuma an riƙa bin su shago bayan an gama aji. Cikin shekara biyu ribar masu zaburar da kai ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu darasin da aka saba kuwa kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. A nan gida ma Bankin Duniya ya gwada da kamfanoni ƙanana sama da 750 a Legas da Abuja, aka ga tura mai sana'a aji bai kai a haɗa shi da wanda ya iya lissafi ko neman kasuwa ya riƙa yi masa aikin ba.

In kun lura, duk abin da Turawan nan suka kashe kuɗi suka gano, sunansa a wurinmu ubangida da yaronsa. Haka kakanninmu suka koyi fatauci, yaro ya bi madugu, ya ga yadda ake taya kaya, yadda ake gane goron da ya fara lalacewa a cikin huhu, wa ake ba amana a wane zango. Haka Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru, kowane mai gida da yaransa da dillalansa. Abin namu ne. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun ɓata shi. Yaro ya shekara goma sha biyar a shago, shi ne shara, shi ne dako, shi ne aiken gida, amma ba a taɓa nuna masa inda ake sari ba, ba a taɓa bari ya ga lissafi ba, don kada ya buɗe ido. Ranar sallama kuwa babu ita, sai dai a wayi gari an ce ya yi sata a kore shi. 'Yan kasuwar Ibo sun fi mu a nan: ana yanka shekaru tun farko a gaban iyaye, in sun cika a sallami yaro da jari, har ubangidan ya riƙa ba shi kaya bashi ya tsaya da ƙafarsa. Su ma akan samu masu saɓa alkawari, amma aƙalla akwai alkawarin da za a ce an saɓa. Alhazai da ke zaune a gaba, ku yi haƙuri, da ku nake. Yaron da ka sallama da kyau ba kishiya ka yi wa kanka ba, reshe ka yi a wani gari.

Abin da aka yi a Kebbe

Mutanen Kebbe za su tuna wani shiri da ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar da kuɗin hukumar USAID ta Amurka daga 2013 zuwa 2018, wanda ya shafi Kebbe da Rabah da Tangaza da Dange Shuni a wannan jiha, da wasu ƙananan hukumomi a Jihar Kebbi da Abuja. Cikin abubuwan da ya kawo har da ƙungiyoyin adashi na zamani: mutum goma sha biyar zuwa talatin su riƙa zubi mako-mako, a sa kuɗin a akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku dabam-dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa, mai bukata ya ranta ya juya ya mayar, ƙarshen shekara a raba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne asalin wannan tsari daga ƙasar Hausa ya fito. A Maraɗi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ta gina shi a kan adashin da matan wurin suka saba, aka sa masa suna Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da Asiya. Kayanmu ne ya zaga duniya ya dawo mana da sabuwar riga.

Amfanin akwatin nan bai tsaya ga kuɗin ba. Mace ta saba da zubi a kan lokaci, ta saba da a karanta lissafi a bainar jama'a, ta saba da a tambaye ta me za ki yi da rancen, yaushe za ki mayar. Makaranta ce ta mako-mako da ba a ba da satifiket. Inda ake bukatar hattara shi ne abin da ake ɗorawa a kan rance, don a tsarin yadda ya zo akan ce wanda ya ranci kaza ya mayar da ƙari. Wannan kam mun san hukuncinsa. Amma fiƙihu bai bar mu a rana ba. Ƙungiya tana iya sayen buhun gyaɗar da kanta ta sayar wa 'yar ƙungiya da riba sananniya zuwa wani lokaci sananne. Tana iya ba da jari a yi ƙiradi, a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi ba da sakaci ba mai dukiya ya ɗauki asarar dukiya, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Sai dai ƙiradi ba ya yiwuwa da wanda ba ya rubutu, don ta ina za a san ribar da za a raba? Kun ga mun sake dawowa kan littafi.

Kuma a sani, USAID ɗin nan gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Wanda yake zaune yana jiran farar mota mai tambari ta dawo ta kafa masa ƙungiya, zai daɗe yana jira.

Gogayya

Mai saye ba ɗan uwanka ba ne, ko da ɗan uwanka ne. Matar da ke Sakkwato ko Legas in ta auni shinkafar gida ta tarar da tsakuwa, ta wuni tana tsinta, gobe 'yar waje za ta saya ko ta fi tsada. Lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 shinkafarmu ta yi daraja don ba yadda mai saye zai yi. Da gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci a 2024, farashin shinkafa da masara ya faɗo a 2025, manoma da masu gyaran shinkafa suka ji a jikinsu, ga taki bai sauko ba, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Abin da za mu fahimta shi ne kariyar gwamnati riga ce ta aro. Abin da ke hannunmu shi ne shanya a kan tamfol maimakon bakin kwalta, da turara daidai kada ta yi baƙi ko wari, da cire tsakuwa, da rarrabe karyayya da lafiyayya. Injin cire tsakuwa ya fi ƙarfin mace ɗaya, bai fi ƙarfin mata talatin masu akwati ba.

Mudu kuma a cika shi. Sura guda aka saukar kan masu tauye awo, ba sai na tsaya a nan ba. Abin da zan ƙara shi ne algus ba ya tsayawa a kan mai shi. In mutum ɗaya ya zuba ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu ya rufe da manya a sama, dillalin da ya buɗe a Kudu ba sunansa zai riƙe ba, sunan garin zai riƙe, sai a karya farashin kowa.

Albasa kowa ya san halinta, lokacin cira tana arha kamar a ba ka kyauta, bayan damina ta yi tsada. Mai rudu mai kyau, wanda iska ke ratsawa, mai haƙurin shiga yana tsince wadda ta fara ruɓa, shi ke cin wannan rata. Wake ma haka, buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba, in dai an ɗaure kowane ninki da kyau kuma ba a huda ba. Amma ajiya jari ce a kwance, wanda zai ci da ita gobe ba zai iya ba, don haka a lissafa kafin a shiga. Ga kuma halin tsaro da wasu garuruwan Kebbe suka shiga a 'yan shekarun nan, Allah Ya kawo mana sauƙi. Duk mai ba da shawara dole ya sa wannan a lissafi, kada ya ce wa mutum ya tara dukiyarsa kaf a rumbu ɗaya a bakin daji, ko ya riƙa yawo da tsabar kuɗi a hanya alhali ana iya turawa ta waya.

Iyayenmu mata da ke bayan labule, ban manta da ku ba. Rabin sana'ar karkara a cikin gida ake yin ta: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, fura, kiwon awaki, saƙar tabarma. Amma mai sana'ar ba ta ganin mai sayenta, yarinya ce ke kai talla ta dawo da abin da ta dawo da shi, ba ta kuma ganin inda ake saro gyaɗar, aike take yi. In za a yi musu horo, mace 'yar uwarsu ce za ta shiga gida ta zauna a tabarma ta auna da su: tiya nawa kika soya, kwalba nawa ta ba ki, itace na nawa kika ƙona. Kuma maigida, jarin matarka ba naka ba ne. In ka ranta don cefane, bashi ne a kanka, shi ma a rubuta.

To, ga abin da nake roƙo. Ga masu riƙe da hukuma, da 'yan majalisarmu masu kawo ayyukan mazaɓa, na ce a riƙe maganar Sarkin Musulmi Bello: in an ware kuɗin horarwa, kada a ƙarar da su a kwana uku a ɗakin taro. A rage na abinci da na allon sanarwa, a ɗauki mutane daga cikin garuruwan nan da za su riƙa zagayawa shago-shago wata shida, kuma kada a zo mana da lissafin mutum nawa suka halarta, a zo mana da sana'a nawa ke raye bayan shekara. Ga mu kuma da ke nan, ba sai mun jira su ba. Kowane layi na kasuwa, masu hatsi, masu tireda, teloli, makanikai, masu POS, a samu dattijo ko dattijuwa da sana'arsu ta haura shekara goma su ɗauki mutum biyu, ba 'ya'yansu ba, kuma zai fi kyau wanda ba layi ɗaya suke zaune ba don kada kishi ya shiga. A haɗu sau ɗaya a mako, a shagon ƙaramin ba a na babban ba, da littafi a buɗe. Wanda aka ɗauka kuma ya yarda a ga asirin aljihunsa, wanda ya ɗauka ya riƙe amanar abin da ya gani.

Masu son shiga, akwai takarda a hannun 'yan uwa a bakin ƙofa, ta maza dabam ta mata dabam, a rubuta suna da gari da sana'a da shekarun da aka yi ana yin ta. Bayan wata uku in Allah Ya kai mu za a sake zama, kowa ya zo da littafinsa. Tambayoyi kuma sai bayan sallar La'asar.